Ki Bar Shi Tukuna

Daga asibiti

Ƙanina Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma teku ba ya wahalar da kai. Mu nan lafiya gwargwado. Maigidana yana gaishe ka, yara ma haka. Ni dai bayana ne yake ta min ciwo, amma wannan tsohon abu ne, tsayuwar ɗakin gwaji ce.

Goggo, mahaifiyarka, in ita ka tambaya za ta ce maka garau take. In ni ka tambaya, ƙafafunta sun ƙara kumbura kwanan nan. Tana zuwa gwajin ƙodarta duk wata kamar yadda Likita ya ce, amma sai na je na ɗauko ta da kaina, don in na bar mata, cewa take ai ta warke. Ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙaramar kwamfutar nan da ka haɗa mana a sito kafin ka tafi, wadda kake kira saba, ta juya mana baya. Ba mutuwa ta yi ba. Fitilarta tana ci, fankarta tana juyawa, amma ta daina magana da kowa. Likita ne ya sayi sabuwar firinta, ya kira wani mai gyaran kwamfuta ya haɗa. Mutumin kirki ne, mai hankali, ba na ganin laifinsa sosai. Yana cikin aiki ya ga sabar tana neman a sabunta ta, ya ce an jima ba a yi ba kuma barin ta haka haɗari ne. Ya danna. Ta yi ta jero masa tambayoyi, shi kuma yana ta amsa mata da eh. Washegari manhajar majinyata ta ƙi buɗewa, daga ofishin Likita har wurin karɓar kati. Na'urar gwajin jini kuma ta daina tura sakamako.

Yanzu da hannu nake kwafe kowane sakamako daga fuskar na'ura zuwa takarda, babbar nas ta ɗauka ta kai. Kafin azahar idona ya fara ganin lamba ɗaya kamar biyu. Likita bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ai ɗan'uwanki ne ya haɗa, ke kika kawo shi." Gaskiya ya faɗa, ni na kawo ka lokacin da kake zaune ba aiki, shi ya sa duk wanda ya wuce ƙofata sai ya leƙo ya tambaye ni labarin kwamfuta.

Faifan ajiya yana nan a aljihun teburina a kulle. Duk ƙarshen mako ina jona shi ya kwana in cire, yadda ka koya min. Na ƙarshe da na yi kafin zuwan mai gyara ne. Ka gaya min abin da zan yi da shi. Na san waya ba ta samun ka, sai dai ta ofishin kyaftin ɗinku, to ka roƙe shi ya taimaka.

Yayarka


Daga jirgi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni lafiya, sai dai gajiya. Ɗaya daga cikin janaretocinmu ya lalace, ni da abokin aikina muna ta fama da shi a ɗakin inji, zafi kamar a cire fata. Ki gaishe min da maigida da yara. Ki duba bayan nan naki, kullum kina cikin asibiti amma ke ce ba kya ganin likita.

Na gode da ɗawainiyar Inna. Ban san da me zan biya ki ba. Ki ce mata ina ci, har na yi ƙiba, ko da yake ba za ta yarda ba.

Maganar saba, ki kwantar da hankalinki. Bayanan majinyata ba su ɓata ba, suna ciki. Abin da ya taɓu fayilolin saiti ne, wato ƙananan rubuce-rubucen da suke gaya mata wace ce ita, ina ta ajiye kaya, wa za ta buɗe wa ƙofa, da wace na'ura za ta yi magana. Tambayoyin da ta yi wa mai gyara, cewa take yi, in cire saitinku in sa sabo na kamfani? Shi kuma ya ce eh. Kamar gida ne kayanki duk suna ciki, an sauya makullai. Tsohon saitin yana kan faifan ajiya, maido shi kawai za a yi, aikin ɗan lokaci ne.

Ba ni da sararin rubuta matakan yanzu, ana jira na a ƙasa, kuma ba na son in yi miki a gaggauce in yi kuskure. Faifan kuwa, ki bar shi tukuna, kada ki taɓa shi sai kin ji daga gare ni. Ki ce wa mai gyara kada ya ƙara danna komai.

Layinmu sai a hankali. Rubutu kawai yake ɗauka, ba hoto, kuma ofishin kyaftin ne yake tara saƙonni ya tura in an samu hanya. In kin ji shiru, ba mantawa na yi ba.

Ƙaninki,
Tsinke


Daga asibiti

Tsinke,

Na ga saƙonka, na ji daɗi da kana lafiya. Mu ma lafiya. Ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi amma ya sauka.

Na yi yadda ka ce. Da ma safiyar da saƙonka ya iso, mai gyara ya zo ya ce in ba shi faifan ya ga abin da ke ciki, na jona masa a jikin sabar. Bai kai ga buɗewa ba sai ga wasiƙarka, an buga min ita a takarda. Na ce masa ya ɗaga hannunsa, mai abu ya ce a bar shi, kada a taɓa. Yana nan a jone yadda yake, ko ƙura ban share masa ba. Da yamma na ga fitilarsa tana ƙyaftawa kamar yadda ta saba, sai na ji sanyi a raina, ko ba komai shi yana da rai.

Jiya Allah ya tsare mu. Mata biyu masu suna kusan iri ɗaya suka zo gwaji, na juya musu takardu. Babbar nas ce ta lura a bakin ƙofar Likita, ta dawo min da su ta ajiye a gabana ta juya ta tafi. Na fi son da ta zage ni. Tunda na fara aikin nan ban taɓa yin haka ba.

Na yi wa Goggo gwajin wannan watan. Likita ya duba, ya ce lambar ba ta yi masa daɗi ba, yana son ya sauya mata magani saboda kumburin, amma sai ya ga sakamakonta na baya a jere. Na bayan kuwa duk suna cikin sabarka. Na tambaye ta takardun da muke ba ta duk wata, ta ce wasu ta ƙunsa allura da maɓallai a ciki, wasu jikokin maƙwabta sun yi jirgi da su.

Ina jiran matakan.

Yayarka


Daga asibiti

Tsinke,

Ina fata lafiya. Shirun ya yi yawa. Na san ka ce ba mantawa ba ce, amma wanda yake jira ba ya jin bambancin.

Goggo ba ta iya sa takalminta yanzu, silifas ɗin maigidana na kai mata. Abinci sai ta taɓa ta ture. Ta tambaye ni ko ka rubuto, na ce mata ka rubuto kana gaishe ta. Ban san sau nawa zan iya ba ta gaisuwa ɗaya ba.

Likita ya fara gajiya. Ya kira ni ofis ya ce akwai wani kamfani da zai zo ya goge komai ya sa tasu manhajar, a fara daga farko. Na ce masa bayanan mutane na shekaru fa? Ya ce, "Bayanan da ba zan iya buɗewa ba, da su da babu duk ɗaya ne a wurina." Na roƙe shi ya ƙara haƙuri. Ya ce zai ƙara, amma ba mai yawa ba. Ba mugu ba ne, ka san shi. Layin mutane yake gani a baranda, ga masu hawan jini ga masu ciwon suga, kowa sai an tambaye shi wane magani yake sha, shi kuma ya ce fari ne ƙarami.

Ni kam na gaji. Ina tashi aiki in biya ta wurin Goggo, in isa gida yara sun ci abin da suka samu.

Faifanka yana nan yadda ka ce, kullum da yamma sai ya ƙyafta. Don Allah ka rubuto.

Yayarka


Daga jirgi

Yaya,

Wasiƙunki biyu yau suka iso tare. Mun shiga wani yanki da babu layi sam, ga iska, ofishin kyaftin bai tura komai ba bai karɓi komai ba. Ina lafiya. Labarin Inna ya tsaya min a rai.

Yaya, ki je yanzu ki cire faifan nan. Kafin ki gama karanta wannan.

Da na ce ki bar shi, nufina ki bar shi a aljihun tebur inda kika ce yake. Ban san an jona shi ba. Ƙyaftawar da kike gani da yamma, sabar ce take kwafe abin da ke cikinta zuwa faifan, kuma in ta kwafe sabo, kan tsohon take ɗorawa. Faifan ƙarami ne, kwafi ɗaya yake riƙewa. Wato tun yammar farko ta ɗauki lalataccen saitin ta danne mai kyau da shi. Abin da muke taƙama da shi ke nan, kuma ya tafi.

Na karanta layin nan naki na "sai na ji sanyi a raina" na rasa inda zan sa kaina. Me ya sa za a jona shi tun kafin in ce? Me ya kai mai gyara neman sa? Na ce kada ki taɓa, in kin ga yanayin ya bambanta da wanda na sani, ai sai ki cire ki jira. Ina tsakiyar ruwa, barcina bai taka kara ya karya ba, ba zan iya hango abin da ake yi a sito daga nan ba. Kowa in abu ya lalace ni yake nema, ƙannen babana ma sun rubuto a kan rufin gida, kamar ina nan kusa da su ne.

Ki sa mai gyara ya jona faifan a wata kwamfutar daban, ba sabar ba, ya duba kwanan watan da ke jikin fayilolin saiti. In na kafin zuwansa ne, mun tsira. Ban sa rai ba, amma a duba.

Tsinke


Daga asibiti

Tsinke,

Lafiya lau, tunda haka ake fara wasiƙa.

Na cire. Mai gyara ya duba a kwamfutarsa. Kwanan watan na jiya ne, dukkansu.

Yanzu ka koma ka karanta abin da ka rubuto min. "Ki bar shi tukuna, kada ki taɓa shi." Abu yana jone, an ce in bar shi kada in taɓa, me zan yi? Da na cire wani abu ya lalace, da cewa za ka yi wa ya ce ki taɓa. Shekara da shekaru ina jona faifan nan ina cirewa, ba ka taɓa gaya min cewa yana cinye na jiya ba. Cewa ka yi yana ajiya. Ni abin da na sani da ajiya, in ka sa sabo tsoho yana nan.

Ni ba injiniya ba ce, jini da fitsari na karanta. Ban nemi riƙon sabar nan ba, ka miƙa min makulli ne ranar da za ka tafi, jakarka a kafaɗa. Haka ma Goggo, ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga amana. Babana da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, in ana lissafin na kusa ba za a fara da ni ba. Na ga babu kowa ne na shiga. Ba gori nake maka ba, kuma na san ba wasa kake yi a can ba. Amma kada ka ƙara rubuto min kamar yarinyar da ta fasa kofi.

An ba Goggo gado. Numfashinta ne ya fara nauyi, na kawo ta, Likita ya ce ta zauna a ɗakin mata kusa da taga. Yana ba ta abin da ya tabbata ba zai cutar ba, ya ce sauran sai ya san inda ƙodar ta dosa. Ɗazu na shiga na tarar da ita zaune tana kallon masu wucewa. Ta ce, "Ke da yaron nan faɗa kuke yi?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Da in wasiƙarsa ta zo da gudu kike shigowa. Yau kin ninke ta kin sa a aljihu."

Na ce mata maganar kwamfuta ce. Ta ce to mu bar kwamfuta ta raba mu, tunda ita ta haife mu. Sai da na yi dariya, ban so ba.

Mutanen kamfanin sun zo sun duba sito, sun auna, sun tafi. Likita ya ce farkon mako mai zuwa za su dawo da kayansu. In akwai sauran dabara, yanzu ne. In babu, ka faɗa min kai tsaye in daina tsayawa a gabansa ina roƙo.

Yayarka


Daga jirgi

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ba ki lada.

Na koma na karanta. Ke ce da gaskiya, ko ni aka rubuto wa haka abin da zan yi ke nan. Ki yi haƙuri da wancan saƙon, na rubuta shi ne da zafin kai. Ban ƙara komai a kan wannan ba, don duk abin da zan ce kin riga kin sani.

Akwai sauran hanya ɗaya, ban ambace ta da farko ba saboda faifan ya fi sauƙi kuma ya fi tabbas. Idan saba ta sauya fayil ɗin saiti wajen sabuntawa, sau da yawa ba ta jefar da tsohon. Takan bar shi a gefen sabon, ta ƙara masa 'yar wutsiya a ƙarshen sunansa, kalmar da ke nuna tsoho ne. Ban ce duka za a samu ba. Amma in mai gyara bai share komai ba, wasu suna nan.

Zan rubuta a hankali, ke ma ki karanta a hankali, in layi ya ɗauki ma'ana biyu ki tsaya ki tambaye ni.

Da farko mai gyara ya dakatar da aikin kwafin nan na yamma, zai gan shi a jerin ayyukan da sabar take yi da kanta. Faifan ajiya ya koma aljihun tebur, a kulle, ba a jikin komai ba. Sannan ki sayi sabon filashi, a kwafe foldar saiti gaba ɗaya a kai yadda take yanzu, da lalacewarta, har da bayanan majinyata. Ki cire filashin ki sa a jakarki. Wannan shi ne wurin komawa in mun ƙara ɓata wani abu. Kada a taɓa ko harafi ɗaya kafin a yi wannan.

Bayan nan ya nemo duk fayil mai wutsiya. Kada a goge sabon, a sauya masa suna kawai, a cire wa tsohon wutsiyarsa ya koma mazauninsa. Ɗaya bayan ɗaya. A maido ɗaya, a tayar da sabar, a gwada, ki rubuta abin da aka yi, sannan a wuce na gaba. Ku fara da na rumbun bayanai, sai na manhajar majinyata, sai na masu izinin shiga. In ta yi ƙorafi a kan wani layi, tsohon saiti ne ya haɗu da sabuwar manhaja, mai gyara zai gane.

Ki nuna wa Likita wannan, ki ce ina roƙon sa kada a goge komai kafin a gwada. Ko da zai ɗauki mutanen kamfanin daga baya, gara su tarar da bayanan a buɗe.

Ki gaya min gaskiyar jikin Inna, ba wadda take so a gaya min ba.

Ƙaninki,
Tsinke


Daga asibiti

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na karɓi haƙurinka, ni ma harshena ya yi tsawo, a bar maganar.

Sabar ta tashi.

Ranar hutu muka yi aikin, ni da mai gyara, asibiti ba kowa sai masu gado. Na shimfiɗa wasiƙarka a kan kwalin safar hannu, ina karantawa yana dannawa. Mun yi kwafin farko na sa a jaka kamar yadda ka ce. Da ya nemo masu wutsiya suka fito a jere a allo, sai da ya sauke ajiyar zuciya, ya ce tun ranar da abin ya faru bai yi barcin kirki ba. Ashe shi ma yana ɗauke da nasa.

Na rumbun bayanai ya koma lafiya. Na manhajar ya yi gardama a kan wani layi, mai gyara ya sa masa alamar nan mai kama da shinge a gaba, ya ce ya rufe masa baki ke nan, sai ta wuce. Na leƙa kwamfutar karɓar kati, sai ga wurin sa kalmar sirri ya fito kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ban yi murna ba, ka san, zama kawai na yi a kujerar mai kati na ɗan jima.

Na'urar jini ce ta ba mu wuya. Fayil ɗin da ke riƙe adireshin sabar ba shi da tsoho, kuma adireshin ya sauya, na'urar tana ta aika sakamako gidan da ba kowa. Mai gyara ya ce ko na'urar ta san inda take aikawa? Na shiga saitinta, wurin da ban taɓa shiga ba, na samu lambobin na rubuto masa. Ya mayar wa sabar da lambobin, na'urar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Har la'asar muna abu ɗaya, ashe lamba ɗaya da na rubuta ce ya karanta bakwai. Da ya gyara na ɗebi jinina na gwada, sakamakon ya riga ni isa ofishin Likita. Jinina ma ya yi ƙasa, ga shi na sani yanzu.

Likita ya sallami mutanen kamfanin. Ya sayo faifai biyu manya. Mai gyara ya sauya tsarin, yanzu kowane kwafi foldarsa daban da kwanan watansa, ba wanda yake danne wani. Faifai ɗaya a asibiti, ɗaya a gidan Likita, ana musanya su. Na sa mai gyara ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin benci ya maido kwafin a kanta a gabana, don na daina yarda da ƙyaftawar fitila. Ya yi. Na kuma koya wa babbar nas da mai kati, na ce wa Likita daga yau ba ni kaɗai ba ce mai makulli.

Ka ce in gaya maka gaskiya. Da Likita ya buɗe bayanan Goggo, ya jera sakamakonta tun daga farko, ya daɗe yana kallo. Ya cire gilashinsa ya ce maganin da ya so ƙara mata, gara da bai ƙara ba. Amma ya ce ko ba wannan, ƙodar ta jima tana sauka. Wata zuwa wata bambancin kaɗan ne, ba ya tayar da hankali, sai an jera su ake ganin gangaren. Ya ce abin ya wuce ƙaramin asibiti irin namu. Ya rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, za a fara yi mata wankin ƙoda.

Na tambaye shi ko jinkirin nan namu ne ya jawo. Ya ce a'a, bai taimaka ba dai. Ban sani ba ko don ya kwantar min da hankali ya faɗa.

Na ɗauki hutu, ni zan kai ta. Ba zan ce maka ka zo ba, na san abin da barin aiki a tsakiya yake nufi a wurinku. Ba kuma zan ce maka kada ka zo ba.

Yayarka


Daga jirgi

Yaya,

Ina lafiya. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Sannunku da aiki, ke da mai gyara. Ki ce masa na gode, tsarin da ya yi ya fi nawa.

Na je wurin kyaftin. Ya ce ba zai hana ni ba, amma ba zai sake ni ba sai wanda zai canje ni ya hau, don ba a barin ɗakin inji da mutum ɗaya. Sun aika a nemo. In an samu, a tasha ta gaba zan sauka, in ba a samu ba sai wadda ke bayanta. Ya ce in na sauka kafin wa'adina kada in sa ran za su sake kira na. Na ce na ji.

Kada ki faɗa wa Inna rana, don ni ma ban sani ba. Ki ce mata dai ina hanya. Ki sha maganin ƙarin jini.

Tsinke


Daga babban asibiti

Ƙanina,

Ina rubuto maka daga benci a baranda, a kan gwiwata, in na samu kwamfuta in tura, ka yi haƙuri da gajarta. Ni lafiya. Maigidana ya kawo mana kaya ya koma wurin yara.

An yi mata wankin farko. Ta sha wuya, ta yi amai, ta ce sanyi take ji har cikin ƙashi, na rufa mata mayafina a kan bargon. Yanzu ta farfaɗo, kumburin fuskar ya ragu, har ta sha ruwan zafi. Likitan nan ya ce za a ci gaba, sai an ga yadda jikin zai karɓa. Bai yi alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba.

Na karanta mata wasiƙarka, na tsallake maganar kyaftin da ta aiki. Ta rufe ido har na ɗauka barci ta yi. Can ta ce, "Ya bar aikin ke nan."

Na ce ban ce ba.

Ta ce, "Ni na haife shi."

Ta kama murza bakin bargo. Na tambaye ta ko akwai abin da zan rubuta maka. Ta ce in ce maka ka bi a hankali, kada ka yi gaggawa a hanya. Na rubuta. Har na ninke takardar ta kamo hannuna, ta ce in ƙara layi ɗaya: kada ka tsaya sayen tsaraba.

Yayarka